A San Ciwon Firgici Tun Daga Ɗakin Shan Magani Na Ƙauye

Akwai wata cuta da ta daɗe tana wahalar da jama'a a birni da ƙauye, amma har yau da yawa ba su san sunanta ba, balle maganinta. Mutum yana zaune lafiya lau, ko a ofis, ko a aji, ko a sahun salla, wani lokaci ma cikin barci, sai kawai gabansa ya yanke ya faɗi. Zuciya ta kama bugu kamar za ta fasa ƙirji, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, hannuwa da ƙafafu su ɗauki rawa, ya ji jiri na ɗibarsa. A wannan hali ba abin da yake gani sai mutuwa, har wani yakan soma kalmar shahada yana barin wasiyya. Bayan minti 10 ko 20 sai abin ya lafa, ya bar shi a gajiye liƙis, shi bai san abin da ya same shi ba, waɗanda suka taru a kansa ma ba su sani ba.

Wannan shi ne firgicin farat ɗaya. Idan ya zama yana zuwa yana komawa ba tare da wani dalili na fili ba, har mutum ya yi wata guda ko fiye yana zaman ɗar-ɗar, yana jiran ranar da zai sake dawowa, to, ya zama abin da likitoci suke kira ciwon firgici. Ra'ayin wannan jarida shi ne, cutar sananniya ce a wurin masana, maganinta sananne ne, kuma ba shi da tsada. Abin da ya rage kawai shi ne a kai wannan sani inda majiyyaci yake fara zuwa, watau ɗakin shan magani na ƙauyensu. Wannan kuwa aikin hukuma ne, kuma aiki ne da ba ya bukatar sabon gini.

Ƙaramar Hukumar Sule Tankarkar ta isa misali. Tana cikin masarautar Gumel tare da Gumel da Maigatari da Gagarawa, a arewacin Jihar Jigawa, ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. A ƙidayar 2006 mutanenta sun haura 130,000, galibinsu manoman gero da dawa da wake da riɗi, da makiyaya, da 'yan tireda. Mutumin Jeke ko Ɗanzomo ko Ɗangwanki da wannan firgici ya faɗa wa, abin da ke kusa da shi bai wuce mai kemis da malamin asibitin ƙauye da malamin zaure ba. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa sai an yi doguwar tafiya, zuwa asibitin masu taɓin hankali na Kazaure, ko na Dawanau a Kano, ko asibitin koyarwa na Aminu Kano. Ga kuɗin mota, ga kuma abin da ya fi kuɗin mota nauyi, watau tsoron kada a ji an kai wane Kazaure a ce ya haukace.

Sabo da haka sai majiyyaci ya bi hanyar da kowa ya saba bi. Ya je kemis a ce masa gyambon ciki ne, ya sha magani, abin ya dawo. Ya je ɗakin shan magani a auna jini, a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, a yi masa allura da ƙarin ruwa, abin ya dawo. Daga nan sai a ce ai wannan ba na asibiti ba ne, iska ce, ko sammu, ko kamun maye. A sayar da akuya, a sayar da buhun riɗi, a shiga neman taimako gari-gari. In yarinya ce 'yar makarantar kwana, sau da yawa ƙarshen karatunta ke nan, domin iyaye za su ce a dawo da ita gida kafin aljanun makaranta su ƙarasa ta, sa'an nan maganar ta bi gari har ta taɓa aurenta. In ma'aikaci ne, sai ya soma ƙin zuwa taro, ya soma ƙin shiga mota, a rubuta masa takardar neman bahasi a kan fashin aiki, alhali kuwa rashin lafiya ce take damunsa.

Kada wani ya ɗauka abin na 'yan tsiraru ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da cututtukan fargaba iri-iri a duniya, kuma kamar ɗaya cikin huɗu ne kawai yake samun magani. Wani babban bincike da aka buga a 2016, wanda ya haɗa ƙasashe 25 har da Nijeriya, ya nuna kimanin mutum 13 cikin 100 sun taɓa gamuwa da firgicin farat ɗaya ko da sau ɗaya a rayuwarsu, waɗanda kuma ya zame musu ciwo ba su kai 2 cikin 100 ba. Adadin da aka samu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi bai kai na ƙasashe masu arziki ba, amma ko da baligi 1 ne cikin 100, a ƙaramar hukuma irin Sule Tankarkar ɗaruruwan mutane ke nan. Ciwon ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza, kuma ya fi farawa tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekara 30 da 'yan kai. Waɗannan su ne shekarun karatu da na fara aiki da na fara iyali.

To, mene ne yake faruwa a jikin mutum a wannan lokaci? Allah ya halicci ɗan Adam da wani tsari na kare kai. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu, girmansa bai fi na ƙwayar gyaɗa ba, aikinsa gadi. Da zarar mutum ya yi kiciɓis da kububuwa a gona, ko mahaukacin kare ya taso masa, kafin ma ya yi tunani wannan mai gadi ya buga ƙararrawa. Nan take jiki ya saki wani sinadari da ake kira adiranalin cikin jini. Zuciya ta ƙara sauri don ta tura jini zuwa cinyoyi da damatsa, numfashi ya ƙaru, jini ya janye daga fata da hanji, gumi ya fito don ya sanyaya jiki. Duk wannan shiri ne na gudu ko na faɗa, kuma shi yake ceton rai a ranar haɗari. Firgicin farat ɗaya shi ne wannan ƙararrawa ta kaɗa alhali babu maciji babu kare.

Da an fahimci wannan, kowace alama da take tsorata majiyyaci sai ta sami bayani. Bugun zuciya aikin adiranalin ne. Nauyin ƙirji daga ɗaurewar naman da ke tsakanin haƙarƙari ne. Jiri da ɗaukewar gani da tafiyar kiyashi a yatsu da leɓɓa kuwa, haki ne yake kawo su. Mutum in ya dinga numfashi sama-sama da sauri, yakan fitar da iskar kabon fiye da ƙima, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, yatsu su sandare, har wani lokaci hannu ya ƙage ya lanƙwashe. Wannan ƙagewar hannu ita ce mutane da yawa suke gani su ce ga shaida nan, aljani ya hau. Da numfashi ya daidaita sai hannun ya saki. Jiki kuma ba ya iya riƙe wannan hali na dogon lokaci, shi ya sa abin yake kai maƙura cikin 'yan mintoci, sa'an nan ya sauka da kansa.

Abin da yake mai da firgici ɗaya ya zama ciwo shi ne fassarar da mutum ya yi wa alamun. Wani masani ɗan Ingila, David Clark, ya yi bayanin wannan a 1986. Mutum ya ji zuciyarsa ta ɗan buga, wataƙila don ya hau tudu ko ya ci goro, sai ya ce wa ransa ga ciwon zuciya nan ya zo. Wannan tunani ya ƙara tsoro, tsoro ya ƙara adiranalin, adiranalin ya ƙara bugun zuciya, bugun zuciya ya tabbatar masa da zatonsa. Haka abin zai yi ta juyawa har ya kai maƙura. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wanda abin ya taɓa kamawa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, cikin cinkoso da zafin rana, sai ya daina zuwa kasuwar. Gobe ya daina shiga motar haya, jibi ya koma bin sahun baya kusa da ƙofar masallaci, a ƙarshe ya kasa fita gida sai da ɗan rakiya. Kowane gudu yana ba shi sauƙi na ɗan lokaci, amma yana ƙara kafa tsoron a zuciyarsa.

Su ma likitocin Turai da Amurka sun daɗe suna laluben wannan cuta cikin duhu. A 1871 wani likitan Amurka, Jacob Da Costa, ya rubuta labarin sojojin yaƙin basasar ƙasarsu da suke kuka da bugun zuciya da sarƙewar numfashi, amma in an duba zuciyar sai a tarar lafiyarta lau. A 1964 Donald Klein ya nuna cewa wani maganin baƙin ciki mai suna imifiramin yana tsayar da irin wannan firgici. Sai a 1980 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin kundinta a matsayin cuta mai zaman kanta. A yau an lissafa alamu 13, ana kuma ce wa abu firgicin farat ɗaya idan 4 daga cikinsu ko fiye suka taso tare. In masana sun yi shekara ɗari da 'yan kai kafin su gane bakin zaren, ba za a ga laifin manomin Ɗanzomo ba don bai gane ba. Laifin yana kan wanda ya sani ya kuma bar shi cikin rashin sani.

Dalilan ciwon suna da yawa, kuma sukan haɗu. Akwai gado, domin yakan bi dangi. Akwai matsin rayuwa, kamar rasuwar makusanci, ko mutuwar aure, ko bashi, ko jarrabawa, ko sauyin wurin aiki. Akwai kuma razana mai tsanani. Waɗanda suka tsira daga gobarar tankar mai ta garin Majiya a Ƙaramar Hukumar Taura a watan Oktoba na 2024, wadda ta ci rai fiye da 150, da waɗanda ambaliyar 2022 ta rushe wa gidaje a sassan Jigawa, suna cikin irin mutanen da ya kamata a riƙa bibiyar halin zuciyarsu bayan raunin jiki ya warke. Sa'an nan akwai abin da mutum yake sa wa cikinsa. Goro da shayi mai kauri da kofi da lemun gwangwani masu hana barci duk suna ɗauke da sinadarin da yake sa zuciya sauri, kuma ɗalibai sun fi shan su a lokacin jarrabawa, ga rashin barci. Wiwi tana tayar da firgici. Haka nan wanda ya saba da taramol ko kodin, in ya rasa su jikinsa yakan rikice da irin waɗannan alamu.

Dole ne a taɓo maganar iska, domin nan ne gizo yake saƙa. Wannan jarida ba ta ja da malamai a kan abin da yake fagensu ne. Addu'a da karatun Alƙur'ani suna kwantar da hankalin mumini, kuma majiyyacin da hankalinsa ya kwanta ya fi saurin warkewa. Malamai da kansu suna karantar da cewa neman magani koyarwar addini ce. Matsalar tana tasowa ne a inda aka zaunar da yarinya mai shekara 16 aka tabbatar mata cewa akwai wani abu a jikinta da yake neman ranta. Wadda dama tsoro ne ciwonta, an ƙara mata wani tsoron a kai. Ya fi muni in aka haɗa da duka, ko turaren barkono, ko ɗauri. Manya ba su manta da abin da aka kira Sumbuƙa ba, wanda ya auka wa 'yan mata a makarantun sakandare na Kano daga 1995. Wancan lamari na taron jama'a ne, ba daidai yake da ciwon firgici ba, amma ya nuna yadda tsoro yake yaɗuwa daga ɗaliba zuwa ɗaliba a ɗakin kwana in ba a sami babban da zai yi bayani cikin natsuwa ba.

A nan kuma akwai gargaɗi. Ba kowane bugun zuciya ne firgici ba, kuma ba wanda ya kamata ya yanke wa kansa hukunci a gida. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a tsakanin mata masu ciki da masu jego, yana sa bugun zuciya da haki. Haka asma, da faɗuwar sukari a jini, da farfaɗiya, da rikicewar ƙullutun maƙogwaro wanda yake kawo maƙoƙo, da ciwon zuciya na gaske. Wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ko mai ciwon sukari, in ya ji ciwon ƙirji karo na farko, musamman wanda yake ƙaruwa da aiki ko yake sauka zuwa hannu, a garzaya da shi asibiti. Haka wanda ya suma sosai, ko mai zazzaɓi da sandarewar wuya, ko mace mai ciki ko sabuwar haihuwa. A duba sau ɗaya, a duba da kyau. In an tabbatar jiki lafiya yake, to, a faɗa wa majiyyaci sunan ciwonsa. Kada a sallame shi da cewa ba abin da yake damunsa, domin shi ya san akwai.

Me za a yi wa mutum a lokacin da abin ya taso? A rage taro a kansa, a bar mutum ɗaya mai sanyin murya. A zaunar da shi inda iska take shiga. A gaya masa cewa firgici ne, ya taɓa zuwa ya wuce, wannan ma zai wuce, kuma ba ya kisa. A taya shi numfashi a hankali, ya shaƙa ta hanci yana ƙirga huɗu, ya fitar sannu yana ƙirga shida, cikinsa ne zai riƙa tashi ba kafaɗa ba. A ja hankalinsa zuwa abin da yake kewaye da shi, ko ya riƙe carbi yana ja sannu-sannu daidai da numfashinsa. Kada a kwara masa ruwa, kada a ɗura masa jiƙo, kada a yi salati da kururuwa a kansa, kada kuma a sa shi numfashi cikin leda, domin in ciwon asma ne ko na zuciya wannan yana iya halaka shi.

Maganin da ya fi ɗorewa shi ne na zama da bayani. Ma'aikacin lafiya da aka horar yakan zauna da majiyyaci mako-mako, ya koya masa yadda ƙararrawar jiki take aiki, su bi tunanin da yake zo masa ɗaya bayan ɗaya su auna shi da abin da ya faru a zahiri. Sau nawa ya ce zai mutu, sau nawa ya mutu? Daga nan sai a sa shi ya tayar da alamun da gangan, ya yi gudu a tsaye har zuciya ta buga, ko ya yi haki na ɗan lokaci har ya ji jiri, don jikinsa ya koyi cewa waɗannan alamu ba ajali ba ne. A ƙarshe a mai da shi wuraren da ya ƙaurace wa, mataki-mataki, yau bakin kasuwa, mako mai zuwa tsakiyarta. Ƙa'idar da ake bi a Ingila ta nuna jimillar awa 7 zuwa 14 ta wadatar ga yawancin masu ciwon, ana kuma gamawa cikin wata 4. Kayan aikin duka bai wuce kujera biyu da ɗaki mai sirri ba.

Akwai kuma maganin sha, irin su fuloksetin da satiralin, waɗanda ake ba masu ciwon baƙin ciki. Suna aiki, amma da sharuɗɗa. Ma'aikacin lafiya ne zai rubuta su. Ana farawa da kaɗan, domin a kwanakin farko sukan ɗan ƙara fargaba. Ba a ganin amfaninsu sai bayan makonni. Ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an sami sauƙi, kuma ba a yanke su farat ɗaya. Wanda bai san wannan ba zai sha na kwana biyar ya ce ba ya aiki ya jefar. Babban abin gudu shi ne baliyam da danginsa, waɗanda ake samu a kemis ba tare da takardar likita ba. Suna kwantar da mutum cikin ɗan lokaci, shi ya sa ake son su, amma jiki yana sabawa da su cikin 'yan makonni, sai an ƙara yawa, ranar da aka rasa kuma firgicin ya dawo fiye da da. Mutum ya shiga kemis da ciwo ɗaya ya fito da biyu.

To, wa zai yi wannan aiki? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda aka buga a 2006, ya gano cewa cututtukan fargaba su ne suka fi yawa cikin cututtukan ƙwaƙwalwa a yankin da aka bincika, kuma cikin masu ciwo mai tsanani kamar kashi 8 cikin 100 ne kawai suka sami magani a shekarar da ta gabaci binciken. In za a jira sai an kai likitan ƙwaƙwalwa kowace ƙaramar hukuma, to, an daɗe ba a fara ba. A takarda kuwa an riga an yanke shawara. Tun 1991, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, manufar ƙasa ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana nuna wa masu irin waɗannan cututtuka bambanci. A wannan shekara ta 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara babin cututtukan fargaba cikin jagoranta na mhGAP, wanda aka tsara musamman don ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba. Amma ɗakunan shan magani suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi, sabo da haka aiwatarwa tana wuyansu.

Sabo da haka wannan jarida tana kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa da hukumar kula da lafiya a matakin farko da su ɗauki matakai. Na farko, a zaɓi aƙalla ma'aikaci ɗaya a kowace mazaɓa, mace in da hali, a ba shi horo a kan gane firgici da baƙin ciki da yadda ake zaman bayani. A fara da ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, a auna sakamako, sa'an nan a faɗaɗa zuwa mazaɓu 287 na jihar. Na biyu, a riƙa turo ƙwararre zuwa babban asibitin Gumel a ranar da aka tsayar kowane wata, ya ga masu wuyar sha'ani, ya kuma duba aikin waɗanda aka horar, domin horon da ba a bibiya yakan bi iska. Na uku, a sa wannan darasi da muhimmanci a makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun da makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu. Na huɗu, a tanadi magungunan da suka dace a asibitoci a kan farashi mai sauƙi, a kuma tsananta sa ido a kan sayar da baliyam barkatai.

Na biyar, a jawo malamai da masu unguwanni da dagatai cikin aikin. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majiyyata a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi, aka buga sakamakonsa a 2020, ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan masu maganin gargajiya da na addini suka haɗa hannu da ma'aikatan asibiti. Malamin da aka yi wa bayani zai yi wa majiyyaci addu'a, sa'an nan ya ce masa je ka asibiti a duba ka. Maganarsa ɗaya ta fi takardar sanarwa ɗari. Na shida, Ma'aikatar Ilimi ta koya wa shugabannin makarantun kwana da masu kula da ɗakunan kwana abin da za su yi in ɗaliba ta firgita, Kwalejin Ilimi ta Gumel kuma ta sa shi cikin abin da take koya wa malaman gobe. Gidan rediyon jiha ya ware wa batun fili da Hausa da Fulatanci.

Wani zai ce, ana fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wurin haihuwa, ina ake da sukunin kula da faɗuwar gaba? Tambaya ce mai ma'ana, kuma babu mai cewa a ɗebe kuɗin rigakafi a kai nan. Amma a duba abin da ake kashewa yanzu. Mai ciwon firgici yana cikin waɗanda suka fi yawan komawa asibiti. Kowane zuwa ana ɓarnar abin gwajin jini, da allura, da ledar ƙarin ruwa, da lokacin ma'aikaci, da maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda ba ya bukata, duk a kan cutar da ba ita ce take damunsa ba. Gane ciwon tun farko tsimi ne ga baitulmali. Daɗin daɗawa, ciwon da aka bari ya daɗe yakan jawo baƙin ciki mai tsanani da shaye-shaye, waɗanda maganinsu ya fi wuya ya fi tsada.

Saura nauyin da yake kan masu karanta wannan shafi. Ma'aikacin gwamnati da ɗalibi su ne idon danginsu a ƙauye, su ake kira in wani ya kwanta, su ake tambaya ina za a kai shi. Shugaban ma'aikata da ya ga na ƙasa da shi ya canza, ya kira shi gefe ya tambaye shi lafiya kafin ya ɗauko takardar horo. Ɗalibin da abokin ɗakinsa ya farka da dare yana haki, ya zauna da shi, da safe ya raka shi asibitin makaranta, kada ya mai da shi abin dariya. Wanda kuma shi ne abin yake damu, ya sani ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, ba kuma ragonta ba ce, domin yana kama jarumi yana kama mai yawan ibada. Ya faɗa wa ma'aikacin lafiya duk abin da yake ji, har da tsoron mutuwar da yake ɓoyewa, domin wannan ita ce alamar da za ta sa a gane ciwon.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Yarinyar da aka cire daga makaranta, da manomin da ya sayar da dabbarsa, da ma'aikacin da ya koma shan baliyam a ɓoye, duk bayanin rabin awa daga bakin wanda ya sani zai iya sauya musu hanya. Dokar tana nan, jagoran horo yana nan, ɗakunan shan magani suna nan da ma'aikatansu. Ana jiran hukuma ta haɗa su wuri guda, ta kuma sa abin cikin kasafin kuɗi. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da yake kansu, amin.